Kwanon da Ban Mayar Ba

Ranar Asabar ɗin da ta wuce autata ta shigo gida da wata 'yar roba a leda, ta ajiye a kan tebur ta ɓalle murfin. Ina ɗakin girki ina yanka albasa, ko juyowa ban yi ba, amma warin ya riga ya iso ni: tsami-tsami, tafarnuwa, barkono, da ɗan ƙarnin kifi can ƙasa. Kimci ne, kabejin nan na mutanen Koriya da ake cuɗawa da yaji a bar shi ya kwana biyu har ya yi tsami. Ta ce uwar ƙawarta, 'yar Koriya, ce ta ba ta, wai yanzu kowa shi yake ci, wai in ɗanɗana ko zan iya. Ni za a koya wa kimci? Na ci shi tun ban kai shekarunta ba. Na ajiye wuƙar na jawo kujera na zauna. Bari in gaya maka abin da warin nan yake tuna mini, ko da yake ba labarin da zan yi alfahari da shi ba ne.

Ina da shekara takwas aka kawo mu Greensboro, a ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da aka turo Baba ƙaro karatun aikin gona. Muna zaune a wani ɗan gidan haya mai ɗaki biyu da falo, a saman bene, bayan High Point Road, titin da yau ake ce wa Gate City Boulevard. Hausawan garin a lokacin da yatsu za ka ƙirga su, yawanci ɗalibai ne marasa iyali. Ranar Juma'a su taru a falon wani su yi salla, ranar Lahadi su biyo gidanmu da yunwarsu, don sun san Umma ba ta fasa tuƙa tuwo. Ni kuwa cikin shekara uku bakina ya juye. A yi mini Hausa in amsa da Turanci, Umma ta yi faɗa har ta gaji ta sa mini ido.

Babu kantin 'yan Afirka ko ɗaya a garin. Wanda ke marmarin abin da ya yi kama da na gida sai ya nufi shagon wani mutumin Koriya, tafiyar minti goma a ƙafa daga gidanmu, tsakanin gidan wankin kaya na inji da wani mai facin taya. Ɗan tsukukun shago ne, da ƙararrawa a ƙofa. Buhunan shinkafa a jibge a gefe, ga citta, ga jan barkono, ga man riɗi, ga busasshen kifi iri-iri. Can ƙurya akwai firiji mai ƙofar gilashi, cike da 'yan robobi na dafaffen abinci: kimci, tsiron wake da aka sulala aka zuba wa man riɗi, ƙananan kifaye soyayyu masu zaƙi-zaƙi, da shinkafa naɗe cikin wani baƙin ganye an yanyanka ta. Ranar farko Baba ya tsare mai shagon da tambaya a kan alade da giya. Mutumin bai ji haushi ba, ya ɗauko jan alƙalami ya riƙa ɗiga alama a murfin duk abin da ba namu ba. Daga ranar in Umma ta gaji, sai a aike ni in ɗauko roba biyu ko uku marasa jan ɗigo, a dafa farar shinkafa a ci.

Mai dafa abincin nan duka mahaifiyar mai shagon ce. Tsohuwa ce 'yar guntuwa, farin gashinta a dunƙule a ƙeya, kullum tana bayan labule a kan kujera 'yar tsuguno da ƙatuwar roba a gabanta. Ba ta jin Turanci ko na gaisuwa. Amma idonta na kan firijin, in na yi kuskuren miƙa hannu ga roba mai jan ɗigo sai in ji ta yi tsaki daga bayan labule, in janye.

Ina shekara goma sha ɗaya Umma ta haifi ƙanena. Haihuwar ta zo da wahala, Baba ya ga ba zai iya da jego ba, ga karatu, sai ya aika aka sako Kaka a jirgi, wato mahaifiyar Umma. Ta iso lokacin da sanyi ya kau, itatuwa na zubar da wata ƙura ruwan ɗorawa a kan motoci, kowa na atishawa. Ta taho da garin gero, da kanwa, da kuka, da kilishi, da daddawa cikin ƙwarya guda. A filin jirgi aka karɓe kilishin da ƙwaryar daddawar. Abin da ya tsira na daddawar ƙulli uku ne da ta cusa a aljihun ɗantofinta, ta ce zuciyarta ce ta ba ta. Waɗannan ukun ta riƙa gutsura kamar mai raba magani, ta naɗe ta mayar ƙasan akwatinta.

Zaman Kaka a gidan nan abin kallo ne. Baba da surukarsa a ɗaki biyu, kowa na jin kunyar kowa. In ya ji motsinta a falo sai ya maƙale a ɗaki yana tarin ƙarya har ta wuce. Safe da yamma tana tafasa ruwa a manyan tukwane, ta juye a bahon wanka ta gasa wa Umma jiki, tana mitar ƙasar da babu ganyen darbejiya. Ni kuwa Baturiya ta sa mini. In na amsa mata da Turanci sai ta kama kunnenta ta ce a sake, wannan kunnen na Malumfashi ne.

Ni aka haɗa da ita ranar da ta ce sai ta ga kasuwar garin da idonta. Muna shiga shagon ta tsaya cak, ta ɗaga hanci, ta wuce ni ta nufi ƙurya. Uwar mai shagon na kwasar wani abu mai kauri ruwan ƙasa daga tulu tana zubawa a robobi. Kaka ta sunkuya ta shinshina, ta juyo ta dube ni.

“Ke Baturiya, wannan ai daddawa ce.”

Na fara yi mata bayani wai waken suya ne, ba kalwa ba, amma babu mai sauraro na. Tsohuwar ta riga ta lakato a cokali ta miƙo mata. Kaka ta ɗanɗana, ta lumshe ido, ta gyaɗa kai. Tsohuwar ta yi dariya har da rufe baki, ta jawo buhun shinkafa ta bubbuga shi da hannu. Kaka ta gyara zani ta zauna.

Daga ranar kusan kullum bayan azahar sai mun je. Kaka ta zauna a buhunta, a turo mata tire na tsiron wake, su yi ta tsinke jijiyoyin suna hira, ita da Hausa, tsohuwar da yarensu. Wallahi har musu suke yi. Na taɓa jin Kaka tana ba ta labarin wata maƙwabciyarta mai rowar gishiri, tsohuwar na girgiza kai tana tsaki daidai inda ya kamata. An kai ni ne a matsayin tafinta, amma ba a taɓa neman bakina ba. A gida Kaka ba ta kiran ta da komai sai ƙawata. Umma ta ce tun rasuwar kakanmu ba ta ga Kaka tana dariya haka ba.

Abin da babu wanda ya sani a gidan shi ne halin da nake ciki a makaranta. Akwai wasu 'yan mata biyu a ajinmu da suka sa ni gaba. In na wuce sai ɗaya ta toshe hanci, ɗayar ta tambaye ta ko wani abu ne ya mutu a ajin. Kayana sun sha hayaƙin miya, ba ƙarya suke yi ba. Na koma rataye rigar makaranta a baranda ta kwana a waje, ina wanke hannu da sabulu har sau uku. Ban gaya wa kowa ba. Na tsani warin gidanmu, na tsani na shagon, kuma in faɗi gaskiya akwai ranakun da na tsani tafiya kusa da Kaka a titi, da mayafinta da silifas ɗinta da yadda take gaida duk wanda ta gani.

Wata rana Kaka ta kwatanta wa ƙawarta abin da ya kawo ta ƙasar. Ta yi jijjiga da hannuwa kamar mai rarrashin jariri, ta nuna ƙirji, ta girgiza kai, don a lokacin nonon Umma bai wadata ba. Tsohuwar ta gyaɗa kai. Kashegari muna shiga ta fito daga bayan labule da wani kwanon ƙarfe mai murfi, an ɗaure shi cikin ƙyalle, ta miƙa wa Kaka da hannu biyu. Ɗanta ya yi mini bayani. Ya ce miyar ganyen teku ce, ita matansu ke sha in sun haihu. Ya ce da naman shanu ake yi, amma uwarsa ta tuna yankanmu daban ne, sai ta yi da kifi. Na tambaye shi nawa ne, ya ce wannan ba ta firiji ba ce.

Miyar baƙa ce mai santsi, kamar kuka ta tsinke. Umma ta yatsina fuska, Kaka ta tsaya a kanta sai da ta shanye. Ko miyar ce, ko kunun kanwa ne, ko lokaci ne ya yi, Allah ne masani, amma cikin kwana biyu ƙanena ya daina kukan yunwa. Kaka ta ce ashe su ma suna da nasu kunun jegon. Ta wanke kwanon da kanta, ta goge shi har yana ɗaukar ido.

Ka san al'adarmu, in maƙwabci ya aiko da abinci ba a mayar masa da kwano wayam. Ranar Asabar Kaka ta tashi da aiki. Ta tuƙa tuwon shinkafa mai laushi, ta gyara busasshen kifi, sannan ta buɗe akwati ta ciro ƙullin daddawa na ƙarshe. Umma ta ce, Inna, shi ke nan fa, babu wani. Kaka ta ce ta sani, ai don haka ta ciro shi. So take ƙawarta ta ji ta kalwa, ta gaske, ko sau ɗaya. Ta daka shi duka ta zuba, ta kaɗa kuka. Gidan ya gume. Ta mulmula tuwo biyu a leda, ta cika kwanon da miya, ta ɗaure cikin ƙyallen da ya zo da shi. La'asar ta yi, ruwan wankan Umma na kan wuta, ba ta da halin fita. Sai ta ɗora mini a hannu ta ce in riƙe da kyau, in miƙa da hannu biyu yadda aka ba mu.

Na tafi lafiya har na hango shagon. A bakin gidan wankin, a kan dakali, 'yan matan nan biyu ne zaune suna shan lemo, iyayensu na ciki. Babu hanyar shiga shagon sai ta gabansu. Miyar ta ɗan tsiyayo ta jiƙa ƙyallen, warin daddawa na tashi daga hannuna. Na tsaya a bayan wata mota na jira ko za su tashi, ba su tashi ba. Na hango Litinin, na ji abin da za a faɗa a aji. Sai na zagaya bayan shagunan inda manyan kwandunan shara suke, na kwance ƙyallen, na juye miyar Kaka a ciki, na jefa tuwon a kai. Ban yi kuka ba, ban ma daɗe ina shawara ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai har yau.

Kwanon na ɗauraye a famfon bayan gidanmu. Kai shi wayam ba zai yiwu ba, ko ni na san wannan. Na cusa shi a rigata na lallaɓa na tura shi ƙasan kwalin kayan sanyi. Kaka na fitowa daga banɗaki, hannunta ja da ruwan zafi, ta tambaye ni me ƙawarta ta ce. Na ce ta gode. Ta ce ta buɗe a gabana? Na ce a'a, ta ajiye. Kaka ta yi murmushi ta ce ai sai ta natsu za ta ci.

Ranar Litinin muka je, na tabbata asirina ya gama tonuwa. Muna shiga na ga idon tsohuwar ya sauka a hannun Kaka, ya ɗan tsaya, sannan ta ɗauke kai ta bubbuga buhu. Kaka ta zauna tana satar kallon fuskarta, tana jiran ko da ɗaga gira ne. Suka tsinke wake kamar kullum. Kaka ba za ta taɓa tambayar mutum ko abincinta ya yi daɗi ba, wannan roƙon yabo ne. Tsohuwar ma ashe ba za ta tambayi kwanonta ba. Kunyar tsofaffin nan biyu ita ta rufa mini asiri. Ina tsaye a tsakaninsu, ni kaɗai na san abin da kowacce ke jira, na kafa wa firiji ido ina karanta murafen robobi.

A hanyar gida Kaka ba ta gaida kowa ba. Sai da muka kai ƙasan bene ta ce, abincinmu bai karɓe ta ba, kuma ba laifinta ba ne. Bayan wannan ta je sau biyu ko uku, hirar ba ta yi armashi ba, sai ta ce gwiwa ta matsa mata. Aka koma aikena ni kaɗai. Ina ɗaukar robobina in biya in fice da sauri, ban yarda na dubi labulen ba.

Da aka yi arba'in da 'yan makonni, Kaka ta haɗa kayanta. A filin jirgi ta yi wa kowa sallama, sannan ta jawo ni gefe ta riƙe hannuna.

“Baturiya, ki je ki gaida mini ƙawata, ki ce na tafi. Ki ce ta yi haƙuri da miyar nan, hannuna ne ya tsufa.”

Na ce to. Na so in faɗa mata gaskiya, amma Baba na kiran a yi sauri. Ban kai saƙon ba, don kai shi yana nufin faɗin komai. Bayan shekara biyu wasiƙa ta zo a shuɗiyar ambulan, Umma ta karanta ta zauna a ƙasa. Kaka ta rasu tana ganin girkinta ne ya kashe zumuncin.

Ina shekara goma sha bakwai Baba ya sami aiki, muka tashi za mu koma McLeansville. Wajen haɗa kaya Umma ta zazzage kwalin nan, kwanon ya gangaro tsakar ɗaki da ƙyallensa. Ta ɗauka ta jujjuya shi, ta daɗe tana kallona. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Abin da ta ce kawai shi ne, ashe bai je ba. Sannan ta miƙo mini ta ce in kai wa mutane kayansu.

Na sami shagon yadda yake, sai dai an ɗage labulen, kujerar tana jingine da bango. Matar mai shagon ce ke cika robobi. Shi kuma ya yi furfura. Yana ganin kwanon ya gane shi, ya ce da shi uwarsa ta zo daga ƙasarsu, kuma ta rasu a sanyin da ya wuce. Ya ce ta daɗe tana damun sa da maganar kakata. Ta ɗauka miyarta ce ta ɓata wa mai jego ciki, ko kuwa ta saka wani abin da addininmu ya hana, shi ya sa aka riƙe kwanon aka daina zuwa. Sau da yawa takan zaunar da shi ta lissafa masa abin da ta zuba, ɗaya bayan ɗaya, ta ce ya nuna mata inda ta yi kuskure.

A nan na faɗi gaskiya, karo na farko, a tsaye gaban kanta, ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Ya saurare ni har na gama. Ya buɗe murfin ya leƙa. Sai a lokacin na lura da abin da na yi: bayan shekara shida, wayam na sake kawo shi. Ya je firiji ya zaɓo robobi marasa jan ɗigo, ya juye cikin kwanon, kimci a gefe, ƙananan kifaye a gefe, ya rufe ya ɗaure, ya miƙo mini da hannu biyu.

“Ki kawo miyar wata rana,” in ji shi, “in ci a madadinta.”

Na ce to. Amma ban iya miyar kuka ba a lokacin, ni da nake gudun ɗakin girki don kada kayana su yi wari. Na ce sai na koya. Karatu ya ɗauke ni zuwa wani gari, aure ya biyo baya, na koyi miyar a hannun Umma ina da ciki na fari. Ranar da na cika kwanon na tuƙo mota har High Point Road, na tarar ana sayar da kayan mota a wurin. Mai facin taya ya ce sun daɗe da tashi, bai san inda suka nufa ba.

Yau a titin nan akwai shagunan 'yan Afirka, daddawa da kuka har ka zaɓa. Abincin Koriya kuwa a manyan kantuna ake jera shi, jikokin masu toshe hanci na layi suna saye. Autata na tafiya makaranta da tuwo a jaka, ƙawayenta na roƙon ta ɗanɗana musu. Ina murna da wannan, amma wani lokaci har haushi yake ba ni, don abin da ya gagare ni ɗauka minti goma, ita ko a jikinta.

Ranar Asabar ɗin, da muka cinye kimcin, na ga ta wanke robar tana shirin jefa ta a jaka. Na ce ta ajiye. Na daka daddawa, na kaɗa kuka, na tuƙa tuwo, na ce ta ɗauko makullin mota, tare za mu, kuma ni zan riƙe. Na miƙa wa uwar ƙawarta da hannu biyu, na tsaya a bakin ƙofa har ta buɗe murfin a gabana ta shinshina. Ta yi dariya ta ce wannan warin ai ta san shi.

Da muka dawo na hau kujera na sauko da kwanon ƙarfen daga saman kabad, na goge masa ƙura. Autata ta tambaye ni na wane ne. Na ce na ƙawar kakata ne, aike na aka yi da shi, har yanzu ban isa ba.